Masassarar dengi

Garin Gaya yana bakin kogin Kwara, cikin jihar Doso. Tsallaken kogi akwai Malanbil ta ƙasar Benin. Daga gabas kuma akwai Kamba ta Najeriya. Fatake da masunta suna kai da kawowa tsakanin garuruwan nan. Cuta ma tana bin matafiya, ba ta san iyaka ba.

Dukanmu mun san masassarar cizon sauro. Amma akwai wata masassara da ake kira dengi. A shekarar 2022 aka fara tabbatar da ita a Nijar, jikin wani matafiyi da ya dawo daga Kuba. A 2023 ta kashe mutum fiye da 600 a Burkina Faso. Cikin wannan shekara kuma aka same ta a Sakkwato.

Wata ƙaramar ƙwayar cuta ce ke haddasa ta, ido ba ya ganin ta. Sauron da ke ɗaukar ta baƙi ne, mai ɗigon fari a ƙafafu. Macen ce kaɗai ke cizo, kuma da rana, musamman da safe da la'asar.

Idan ta ciji marar lafiya, sai ta sha ƙwayar tare da jini. Ƙwayar ta yi kwana 8 zuwa 12 tana hayayyafa cikin jikinta. Daga nan duk wanda ta ciza yana iya kamuwa. Gaisawa ko cin abinci tare ba sa yaɗa cutar.

Bayan kwana 4 zuwa 10 da cizon, sai jiki ya yi zafi ƙwarai. Kai da bayan idanu da gaɓoɓi su yi ciwo. Wani lokaci ƙuraje su fito. In ta tsananta, jini na iya zuba ta hanci ko dasashi. A kai marar lafiya asibiti da wuri. Ya sha ruwa da yawa, ya kwanta cikin gidan sauro ko da rana. Kada a ba shi asfirin, don yana ƙara zubar jini.

Wannan sauro cikin gidajenmu yake haihuwa. Yana zuba ƙwai cikin randa, da tulu, da gwangwani, da tsofaffin tayoyi. Ƙwan yana jure fari watanni. Da ya sami ruwa sai ya ƙyanƙyashe, cikin kwana 7 zuwa 10 ya zama sauro. Gaya tana cikin wuraren da suka fi samun ruwan sama a Nijar, saboda haka sai mu kula.

Mu rufe randunanmu, mu wanke su kowane mako. Mu kifar da gwangwanaye da tayoyi. Rigakafi ya fi magani.

Tambayoyi

1. Yaya kamannin sauron dengi suke?
2. Don me marar lafiya zai kwanta cikin gidan sauro da rana?
3. Ku zagaya farfajiyar makaranta, ku ƙidaya wuraren da ruwa ke kwanciya.