Ueno a makon furen sakura

A harabar wurin bautar Yasukuni da ke tsakiyar Tokyo akwai wata bishiyar ceri da Hukumar Kula da Yanayi ta Japan ta sa wa ido. Idan watan Maris ya raba, jami'anta sukan je su tsaya a gindinta suna ƙirga fure, 'yan jarida na bayansu da kyamarori. Ranar da biyar ko shida suka buɗe, sai a sanar cewa sakura, wato furen ceri, ta fara a Tokyo. Daga wannan rana unguwar Ueno, inda jama'a ke tururuwar kallon furen, ta yi sallama da hutu. Furen kan ɗauki kamar mako guda kafin ya cika, sannan kusan wani makon kafin iska da ruwan sama su kakkaɓe shi.

Dalilin wannan gaggawa yana jikin bishiyar. Mafi yawan cerin da ke gefen titunan Japan iri ɗaya ne, ana kiransa Somei Yoshino, wanda masu renon itatuwa na ƙauyen Somei suka yaɗa a ƙarni na 19; ƙauyen tuni Tokyo ta haɗiye shi. Ba daga ƙwallo ake shuka shi ba, aure ake yi masa kamar yadda ake yi wa mangwaro, don haka kowace bishiya reshe ce na 'yar'uwarta. Idan ɗumi ya ishe ɗaya, ya ishe su duka. Tare suke buɗewa, tare suke zubewa, kuma furen kan riga ganye fitowa, sai ka ga hanya ta rufe da fari mai sirkin ja tun daga wannan kai har wancan.

Tudun Ueno ya daɗe da sanin wannan hidima. A 1625 wani malamin addinin Buda mai suna Tenkai ya kafa wurin bautar Kan'eiji a nan, kuma shi ake dangantawa da kawo itatuwan ceri daga dutsen Yoshino. A 1868 an gwabza yaƙi a kan tudun, yawancin gine-ginen suka ƙone, a 1873 kuma aka mai da wurin lambun jama'a, ɗaya daga cikin na farko a ƙasar. Yau akwai gidajen tarihi, da gidan namun daji, da tafkin Shinobazu a ƙasan tudun.

Da rana lambun na tsofaffi ne, da iyaye mata masu tura kekunan jarirai, da baƙin da suka ƙetaro teku da wayoyinsu a sama. Amma wanda ya fi jan hankalina shi ne saurayin da ke zaune shi kaɗai a tsakiyar shimfiɗeɗɗen tamfol shuɗi, sanye da kwat, takalmansa a jere a bakin shimfiɗar. A Japan shekarar aiki da ta makaranta a watan Afrilu suke farawa, sababbin ma'aikata kan kama aiki ne daidai lokacin furen. Al'adar ofisoshi da yawa ce a tura ƙaramin cikinsu ya kama wuri tun safe, ya tsare shi har manya su tashi daga aiki. Yana iya wuni cikin sanyi yana karatu ko yana gyangyaɗi. Matasa da dama yanzu ba sa ƙaunar wannan aike, kuma ina ganin suna da hujja. Duk da haka, a nan ne sabon shiga kan fara zama kafaɗa da kafaɗa da shugabansa, kowa ya tuɓe takalmi, kowa a ƙasa.

Wajen ƙarfe shida rana take faɗuwa, a kunna fitilun takarda da aka rataye a jere ƙarƙashin rassa. Mutanen wurin suna kiran kallon furen da dare yozakura. Matafiya da yawa sukan raba yininsu gida biyu: fure da hantsi, da magariba kuma su faɗa jirgi zuwa Shibuya ko Shinjuku neman hasken birni. A ganina wanda ya yi haka ya bar taro tun ba a fara ba. Mutumin Tokyo da ya wuni a ofis ko a kanti ba shi da wani rabo a furen sai bayan faɗuwar rana. A lokacin ne tamfol ke cika, a buɗe akwatunan abinci, a zagaya da dango, ƙwallayen garin shinkafa masu launi uku a tsinke, mutanen da ba sa ɗaga murya a cikin jirgi su shiga tafi da shewa. A hanyar da ta ratsa tafkin zuwa ƙaramin wurin bautar Benten, rumfunan masu soye-soye na tashin hayaƙi. Sanyin dare a ƙarshen Maris yana ratsa ƙashi, wanda ya zo da riga shara-shara ba ya jimawa.

Ba a barin fitilun lambun har tsakar dare. Idan aka kashe su, jama'a sai su gangara tudu zuwa Ameyoko, kasuwar da ta miƙe a ƙarƙashin gadar jirgin ƙasa tsakanin tashar Ueno da ta Okachimachi. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu ta fara a matsayin kasuwar bayan fage, har yau kuma tana da hayaniyar da ba a cika ji a sauran Tokyo ba. Da yamma masu kifi da busassun kayan miya suna rufewa, ƙananan gidajen ci da sha da ake kira izakaya suna ɗaukar ragama. Wasu ba su wuce ɗaki guda ba, kujeru har bakin hanya, tsiren kaza na gasuwa, jirgi na wucewa ta sama yana girgiza kofuna. Da ka zauna za a ajiye maka ɗan abin taɓawa da ba ka nema ba, kuɗinsa na cikin lissafi. Kuɗin kujera ke nan. Ga masu waɗannan gidaje makon furen kaka ce, ma'aikatansu kuma, cikinsu har da ɗalibai 'yan ƙasashen waje, sukan yi ta tsayuwa har dare ya tsala ba su leƙa lambun ba.

Musulmin da ya zo nan ba zai rasa wurin zama ba, sai dai ya buɗe ido. Naman alade na ko'ina, ana kuma zuba giyar shinkafa a miya da romo da yawa, don haka tambaya wajibi ce. A cikin Ameyoko akwai masu sayar da kebab da shagunan halal, akwai masallaci a Okachimachi, kuma babu mai yi wa wanda ya nemi shayi kallon banza. A 2023 da 2024 furen ya faɗo cikin watan azumi, a lokacin mai azumi na iya shan ruwa a gindin bishiya daidai lokacin da ake kunna fitilu.

Shan giya a bainar jama'a ba laifi ba ne a dokar Japan, kuma makon furen na nuna illar hakan. Kowace shekara hukumomin Tokyo na gargaɗi kan yawan sha, motocin asibiti na kwasar waɗanda suka wuce gona da iri. Abin da ke tashin taron shi ne jirgin ƙarshe, wanda a yawancin layuka ke wucewa wajen sha biyun dare. Wanda ya rasa shi sai tasi mai tsada, ko ɗakin karaoke, ko otal ɗin da gadonsa bai fi akwati ba, har jiragen asuba su fara wajen ƙarfe biyar.

Abin da aka bari a baya tsibin shara ne. Kafin masu tafiyar safe su iso, ma'aikatan tsafta sun ware gwangwani daban, kwalba daban, sun kwashe tamfol ɗin da aka watsar. Akwai kuma masu tsintar gwangwani don sayarwa, wasunsu a lambun suke kwana. Tashar Ueno ita ce ƙofar da leburori da yaran da suka gama ƙaramar sakandare daga arewa maso gabashin ƙasar suka riƙa shigowa Tokyo neman aiki bayan yaƙi, kuma bayan durƙushewar tattalin arziki a shekarun 1990 lambun ya cika da bukkokin marasa matsuguni, da irin wannan shuɗin tamfol aka yi su. An rage su ƙwarai tun daga lokacin. Ina ganin bai kamata baƙo ya bar Ueno bai san da waɗannan mutane ba, domin hannunsu na cikin gina birnin da ya zo kallo.

Mai shirin zuwa ya sani furen ba ya bin ranar tikiti. A ƙiyasin hukumar yanayi, 24 ga Maris ce ranar da aka saba ya buɗe a Tokyo, amma a 2020 da 2021 da 2023 ya buɗe tun 14 ga wata, a 2024 kuma sai 29. Wanda ya makara ya tarar da ganye ya fito yana da sauran dama, domin furen na hawa arewa sannu a hankali. Daga tashar Ueno jirgin Shinkansen na kai mutum yankin Tohoku, inda lambun ganuwar Hirosaki ke cika a ƙarshen Afrilu, can ma da fitilun dare da rumfunan abinci, Sapporo kuma sai wajen farkon Mayu.