Taron Safe: Inda Makaranta Ke Koyar da Hali

Makarantu da yawa a duniya kan tara yara wuri guda da safe kafin a shiga aji. Taron ba ya daɗewa, amma a nan ake koyar da abin da ba ya fitowa a jarrabawa, wato hali da tarbiyya.

A Ingila har doka aka yi a kansa. Dokar ilimi ta 1944 ta wajabta wa makarantun gwamnati yin ibada tare kowace rana, ta 1988 kuma ta ce yawancin ibadar ta bi tafarkin addinin Kirista, sai dai iyaye na da damar cire ɗansu. Malami ko fasto kan ɗauko labari daga Littafi Mai Tsarki, kamar na Basamariyen da ya taimaki wanda 'yan fashi suka yi wa rauni, ya ciro darasin tausayi. A 'yan shekarun nan an ƙara da zancen kwanciyar hankalin yara: fargabar jarrabawa, cin zali tsakanin ɗalibai, da juyayin rashi. A Sudan ma 'yan mishan sun buɗe makarantu, inda Kwalejin Comboni ta buɗe a Khartum a 1929, ta kuma karɓi 'ya'yan Kirista da na Musulmi.

Ƙauyukan Hausawa na Jazira da bakin Shuɗin Nilu kuwa na Musulmi ne. Kakanninsu maniyyata ne da masu hijira. Bayan Turawa sun kashe Sarkin Musulmi Attahiru a Burmi a 1903, ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ci gaba da jama'a gabas, suka kafa garin Maiurno kusa da Sinnar. Da aka gama madatsar ruwan Sinnar a 1925, noman auduga na Jazira ya jawo ƙarin Hausawa, suka zauna suka hayayyafa.

Yaron waɗannan ƙauyuka yana shan tarbiyya ta hanya biyu. A makarantar allo, wadda mutanen Sudan ke kira halwa, yana koyon ladabi a gaban malam tare da karatunsa. A makarantar gwamnati kuma akwai taron safe da ake kira tabur: yara su jeru aji-aji, wani ya karanta ayoyi, wani hadisi, wani ya kawo kalmar hikima, a rera taken ƙasa, shugaban makaranta ya yi nasiha a kan gaskiya, amana da girmama na gaba. Addinin ya bambanta da na Ingila, manufar kuwa ɗaya ce.

Yau nauyin da ke kan wannan taro ya ƙaru. A 2022 rikicin ƙabilanci a jihar Shuɗin Nilu ya ci rayuka, ya kori Hausawa da dama daga Rusairis da Wad al-Mahi. Sai yaƙi ya ɓarke tsakanin sojojin Sudan da dakarun RSF a Afrilun 2023. Wad Madani da ke Jazira ta faɗa hannun dakarun RSF a Disamban shekarar, sojoji ba su ƙwato ta ba sai Janairun 2025. Makarantu sun rufe, wasu sun zama masaukin 'yan gudun hijira.

Yaron da ya dawo layin tabur bayan wannan ya ga abin da babba ma bai iya ɗauka ba. Ce masa ya yi haƙuri gaskiya ne, amma bai isa ba. Yana bukatar ya ji daga bakin malaminsa cewa firgita da dare ba rashin imani ba ce, kuka ba ragwanci ba ne, har Annabi Yakubu ya yi baƙin cikin rabuwa da ɗansa Yusufu. Yana bukatar a nuna masa wanda zai je wurinsa in abin ya yi masa yawa. Malamai suna da ayoyin da ƙissoshin a hannu, yaran kuma suna tsaye a gabansu kowace safiya. Abin da ya rage shi ne a ware wa zuciyar yaro lokaci a cikin tabur, kamar yadda aka ware wa taken ƙasa.