Ragowar Naira 200: Yadda Ɗan Ƙaramin Bashi Ke Ɓata Suna a Banki

Iyayena mata da 'yan'uwana, wannan darasi na ƙungiyoyin da suka yi rabo sau ɗaya ko sau biyu ne, waɗanda wasu daga cikinsu suka fara leƙa banki neman jarin da ya fi ƙarfin akwati. Sakatariya ta karanta shi a hankali, in an zo wurin lissafi ta tsaya ta maimaita.

A akwatinmu kowa ta san doka. Wadda ta ci rance ta makara, a ci ta tara, a rubuta a littafi, shi ke nan. In rashin lafiya ce ko rasuwa, shugaba ta ce a ɗaga mata ƙafa, kowa ta amince, don mun san gidanta, mun san abin da ya same ta. Ranar rabo a rufe littafi a buɗe sabo. Tun 1991 da aka fara irin wannan tsari da Mata Masu Dubara a yankin Maraɗi, sanin juna ne ke riƙe da shi.

To banki bai san gidanki ba. Kuma littafinsa ba a rufe shi ranar rabo.

Littafin da ba ki gani

A Amurka da Ingila mutane da yawa suna yawo da katin bashi: ka yi sayayya da kuɗin banki, ƙarshen wata ka biya. A Amurka, wanda ya wuce kwana 30 bai biya abin da aka yanka masa na wata ba, ko da kuɗin bai taka kara ya karya ba, ana iya kai sunansa wurin masu ajiye tarihin bashi, kuma tabon yakan kai shekara 7 bai goge ba. A ma'aunin da aka fi aiki da shi a can, mai suna FICO, biya a kan lokaci shi kaɗai ya ɗauki kashi 35 cikin 100 na makin mutum. Katin ATM da ke ƙulle a bakin zaninki ba irin wannan ba ne, shi kuɗinki yake fito miki da su. Amma ita waccan ɗabi'a ta rubuta wanda ya makara ta iso nan tuntuni, kuma ta shafi rancen ƙananan bankuna, da bashin manhajar waya, da wayar hannu ko fitilar sola da ake biya kaɗan-kaɗan, muddin mai ba da bashin yana kai rahoto.

Ga yadda abin yake. A 2014 Babban Bankin Najeriya ya fito da BVN, lambar nan mai alƙaluma 11 da aka ɗauki hotonki da zanen yatsunki kafin a ba ki. Lamba ɗaya ce, ko asusu nawa gare ki, ko a banki nawa. Sannan akwai kamfanoni uku masu lasisi da aikinsu ke nan, ajiye tarihin bashin mutane: CRC, da FirstCentral, da CreditRegistry. A 2017 aka sa hannu a dokar da ta tsara aikinsu. Bankuna manya da ƙanana suna aika musu bayani, galibi wata-wata: wance ta karɓi kaza, ta biya kaza, ta makara kwana kaza. Bankunan da ba sa karɓar kuɗin ruwa su ma suna aikawa, kada wata ta ɗauka can babu littafi. Kuma an umarci bankuna su duba wannan tarihi kafin su ba da rance. Wato abin da ya faru tsakaninki da ɗan ƙaramin banki a Dambatta, ma'aikacin wani banki a Bichi ko a cikin birni zai gan shi a kwamfutarsa, ke ba ki ma gama gaisawa ba.

Daga wannan tarihi ake fitar da maki. Na CRC daga 300 yake zuwa 850. Mai maki da yawa a ba ta da sauƙi, mai kaɗan a hana ta, ko a rage mata, ko a ce ta kawo masu tsaya mata.

Kwana ake ƙirgawa

Nan nake so mu daɗe, don nan ne mata suka fi mamaki. Mu a hankalinmu, wadda ake bi naira 200 da wadda ake bi naira 50,000 ba ɗaya ba ne. Gaskiya ne, ba ɗaya ba ne. Amma tambayar farko da kwamfuta ke amsawa ita ce: an biya cif a ranar da aka sa, ko ba a biya ba? In ba a biya ba, yau kwana nawa?

A ƙa'idar da Babban Banki ya gindaya wa ƙananan bankuna, rancen da ya makara ana fara sa masa ido. In makarar ta daɗe, ya faɗi ƙasa da ma'auni. In ta ƙara daɗewa, ana shakkar dawowarsa. Daga ƙarshe, a takarda, an lissafa shi cikin kuɗin da suka salwanta. Duk matakin da aka sauka, dole bankin ya ware wani kaso daga kuɗinsa don cike giɓin, shi ya sa kuke ganin ma'aikatansu ba sa wasa da kwanan wata. Ba mugunta ba ce kawai irin ta masu karɓar bashi, su ma ana tuhumarsu a sama.

Mu ɗauki misali. A ce mace mai ƙuli-ƙuli da man gyaɗa ta karɓi rance, za ta riƙa biyan naira 11,000 duk wata har wata shida. Ta biya biyar daidai. A na shida ta ba ɗanta kuɗin cif, 11,000, ta ce ya tura a wurin mai POS ranar kasuwa. Mai POS ya cire ladansa naira 200 daga ciki, ya tura 10,800. Yaro ya dawo ya ce an tura. Uwa ta yi hamdala, a ranta ta gama da banki.

A littafin banki kuwa rancen nan a buɗe yake, da ragowar naira 200. Saƙo ya shigo wayarta da Turanci, babu wanda ya karanta mata. Kwana 30 suka wuce, 60, 90. Wataƙila an ɗora tarar makara a kai, 200 ta haifi 'ya'ya. Da kaka ta zo, gyaɗa ta yi araha, ta je wani bankin daban neman naira 300,000 ta sayi buhuna ta ajiye, ko ta sayi injin markaɗe. Aka shigar da BVN. Abin da ya fito shi ne tana da bashin da ya haura wata uku ba a biya ba. Sau da yawa ba za a ma yi mata bayani ba, sai dai a ce ba ta cancanta ba. Kafin ta gano dalili, ta biya, a gyara, gyaɗa ta tashi. Ribar shekara guda ta tafi a kan kuɗin da bai kai na sabulu ba.

In kuma a tsakiyar biya ne giɓin ya faru, abin ya fi haka nauyi, domin duk abin da ya rage na rancen ne ake lissafawa cikin haɗari, ba ɗan guntun da aka rasa kaɗai ba.

Kada in tsorata ku fiye da kima. Makarar kwana ɗaya ko biyu da aka cike nan da nan ba ta cika rushe suna ba, kuma wasu masu ba da rance sukan kira ki su tuna miki. Amma kiran nan alfarma ce, ba dole ba ce a kansu, kuma layin da kika bayar wataƙila na maigida ne, yana can Legas ko Fatakwal cin rani.

Ta ina giɓin ke shigowa

Ladan mai POS na ɗaya. Sai 'yan kuɗaɗen da banki ke zara daga asusu, na saƙon waya, na kula da kati, da naira 50 ta gwamnati a kan turin kuɗin da ya kai 10,000. Kin ajiye kuɗin biya daidai wa daida, aka zari 50, ranar cira ta zo kuɗi ba su cika ba. Sai rashin sabis: an ce an tura, kuɗi sun maƙale ko sun koma. Sai ranar biya da ta faɗo Laraba alhali ke sai Lahadi kike cin kasuwar Dambatta ki samu kuɗi a hannu.

Amma wanda ya fi damuna shi ne aron suna. Ɗa ko ƙane ko maigida ya ce, "Ba ni BVN ɗinki da wayarki, wani abu zan cike." Cikin minti goma an ci bashin naira 5,000 a manhaja da sunanki. Shi ya kashe, ke aka rubuta. Na san ba ƙaramin abu ba ne mace ta ce wa mijinta ko ɗanta a'a, ba kuma ina cewa ku tayar da rigima a gida ba. Amma ki tambaya: na mene ne, nawa ne, yaushe za a biya? In lambar sirri ta shigo wayarki, kada ki karanta wa kowa sai kin san abin da za ta buɗe. Haka nan tsaya wa wani: in kin sa hannu ko kin dangwala a matsayin mai tsayawa, bashinsa yana iya fitowa a tarihinki.

Rancen ƙungiya ma haka ne. In banki ya ba mu a dunƙule, muka lamunce wa juna, makarar mutum ɗaya tana iya tsayar da rancen gaba na kowa. Shawarata, ƙungiyar da ta ci rancen banki ta sa ranar tara kuɗi mako guda kafin ranar banki, ta kuma amince a rubuce cewa in wata ta gaza, za a cike mata daga akwati a matsayin rance na cikin gida. Gara mu bi ta a tsakaninmu da a rubuta mu duka a waje.

Wani abu kuma da ya kamata ku sani: tun 1 ga Agusta 2020 akwai tsarin da ake kira GSI. Wanda ya sa hannu a kansa lokacin karɓar rance ya ba bankin izinin, in bai biya ba, a ciro kuɗin daga sauran asusunsa da ke ɗaure da BVN ɗinsa a wasu bankuna, har da asusun haɗin gwiwa. Saboda haka kuɗin ƙungiya kada su kwana a asusun mutum ɗaya, ko ma'aji ce. A yi rajista, a buɗe asusu da sunan ƙungiya.

Ranar karɓa, ranar gamawa

Kafin ki dangwala, ki sa a faɗa miki da Hausa: nawa ne duk wata, wace rana, nawa ne tarar makara. Ki roƙi a sa ranar bayan kasuwarki, ba gabanta ba. In kiwo za ki yi da kuɗin, ki tuna tunkiya ba ta biyan bashi wata-wata, sai kin tanadi inda na wata zai riƙa fitowa kafin Babbar Salla. Wurin biya, ladan mai POS daban, kuɗin banki daban, ki karɓi rasit ki duba adadin, ko ki ba sakatariya ta duba. Ki bar 'yan ɗaruruwa a asusu saboda zare-zaren nan.

In kin ga wata zai gagare ki, ki je tun ranar ba ta zo ba. Wadda ta zo da ƙafarta da rabin kuɗi ana iya sake tsara mata biya. Wadda ta kashe waya kuwa ƙirga kawai ake yi mata.

Ranar biya na ƙarshe kada ki aika yaro. Ki je da kanki, ki tambaya ko akwai ragowar ko kwabo, ki nemi takardar shaidar cewa ba a bin ki komai. Ki adana ta tare da katin zaɓenki.

In an riga an rubuta ki

Ki fara komawa wurin wanda ya ba ki rancen, a faɗa miki ainihin abin da ake bin ki. Ki biya, ki karɓi takarda, ki nemi su aika wa kamfanonin nan uku cewa an biya. Gyaran yakan ɗauki makonni. Ki sani biya ba ya goge tarihin makarar nan take, domin doka ta ce a riƙe bayanin aƙalla shekara 6, amma zai nuna an biya, kuma duk rancen da kika biya daidai bayan nan yana ɗaga makinki.

Dokar 2017 ta ba kowa damar neman rahoton tarihinsa kyauta sau ɗaya a shekara daga waɗannan kamfanoni, ta kuma ba shi damar ƙalubalantar abin da ba daidai ba. In kin ga bashin da ba ki ci ba, ko wanda kika riga kika biya, ki kai ƙorafi a rubuce ga bankin, ki riƙe kwafi. In sun yi biris, Babban Banki yana da sashen kare haƙƙin masu hulɗa da bankuna. Jami'ar da ke ziyartar ƙungiyarku za ta iya taimakawa da rubutun.

Duk wanda ya zo ya ce ki ba shi kuɗi ya wanke miki suna a kwamfuta, ki riƙe kuɗinki. Wanda ya kai rahoton ne kaɗai ke iya gyara shi. In kin manta lambarki ta BVN kuma, ki danna *565*0# a layin da kika yi rajista da shi, za a cire ɗan kuɗi daga katin waya, lambar ta fito. Ki rubuta ta a wurin da ke kaɗai kika sani, kada a sa ta a littafin ƙungiya.