Faifan da ƙara ta shaƙe: yadda Rush ta ceto Vapor Trails

A watan Mayun 2002 ƙungiyar Rush ta ƙasar Kanada, ɗaya daga cikin tsofaffin ƙungiyoyin kiɗan rock mai zafi, ta fitar da kundin Vapor Trails bayan shekara shida ba ta yi sabon kundi ba. Dalilin shirun mai nauyi ne. Makaɗin gangarta, Neil Peart, ya rasa 'yarsa a haɗarin mota a 1997, matarsa kuma ta rasu da ciwon daji kafin shekara ta zagayo. Ya ajiye sandunan kiɗa, ya hau babur ya yi ta yawo har kimanin kilomita 88,000. Masoya da yawa sun ɗauka ƙungiyar ta mutu.

Da suka dawo, Peart da Geddy Lee da Alex Lifeson sun so kiɗan da zai dace da zamani. Suka jingine kayan kiɗa na lantarki masu madannai da aka san su da su a shekarun 1980, suka jibga jita a kan jita. Waƙoƙin sun karɓu. Sautin faifan ne ya jawo ƙorafi.

Faifan CD yana auna sauti sau 44,100 a kowace daƙiƙa, kuma yana da iyakar ƙara da ba a ƙetarewa. Tsohon kaset idan aka ƙure shi yakan ɗan dushe a hankali. Na'urar dijital ba ta da wannan sassauci: duk abin da ya haura iyakar sai ta datse masa kai, kunne ya ji ƙirƙir kamar lasifikar da ta yage. A waɗancan shekaru kamfanonin waƙa suna tsere, kowa na son nasa faifan ya fi na maƙwabci amo, don haka injiniyoyi suka riƙa matse sauti, suna ɗaga wuraren da ya yi sanyi har su kusa kai rufin. Vapor Trails ya sha wannan matsi ƙwarai. Bugun ganga ya rasa ƙarfin faɗowarsa, jita da murya suka cakuɗe, mai sauraro ya gaji tun bai kai rabi ba. Ga kundin da aka gina a kan makoki da farfaɗowa, inda sanyin murya ke da ma'ana kamar tashinta, wannan asara ce babba.

Su kansu mawaƙan ba su ɓoye rashin gamsuwarsu ba. A 2009 aka sake haɗa sautin waƙoƙi biyu, One Little Victory da Earthshine, sannan a 2013 injiniya David Bottrill ya sake haɗa kundin gaba ɗaya daga ainihin naɗin farko. Akwai masoyan da suka ce tsohon ya fi zafin rai, kuma maganarsu ba ta rasa tushe. Sai dai zafin da ke hana a bambance kayan kiɗa kuɗinsa ya yi yawa.

Zamani ma ya juya wa tseren baya. Manhajoji irin su Spotify suna daidaita ƙarar waƙoƙi zuwa mataki guda, saboda haka faifan da aka matse sai a rage masa amo, ya tsaya da datsattsen sautinsa kawai. Peart ya rasu a Janairun 2020. Kundin yana buɗewa ne da gangarsa ita kaɗai, kuma a gyaran 2013 ana jin kowane bugu daban.