Ɗumama ɗaki da itace a hunturu: yadda za ka gyara murhun gida ba tare da hayaƙi ya kwantar da kai ba

Duk wanda ya taɓa kwana a Karaye kusa da madatsar ruwan Challawa, ko a ƙauyukan Rogo, tsakanin Disamba da Fabrairu, ya san sanyin asuba ba wasa ba ne. Abin da aka saba yi shi ne a kwashi garwashi daga murhu a zuba a kasko, a shiga da shi ɗaki, a rufe ƙofa da taga. Ɗumi kam ana samu, amma a nan haɗarin yake.

Abin da ke faruwa a rufaffen ɗaki

Idan itace ko gawayi yana ci ba tare da isasshiyar iska ba, yana fitar da iskar kabon monoksaid. Ba ta da wari, ba ta da launi. Tana manne wa sinadarin da ke ɗaukar iskar shaƙa a cikin jini da ƙarfin da ya ninka na iskar oksijin fiye da sau 200. Alamun farko su ne ciwon kai, jiri da tashin zuciya, amma mai barci ba ya jin ko ɗaya. Garwashin da ya daina hayaƙi ya yi jajur shi ya fi yaudara, domin har lokacin yana fitar da ita.

Gyara murhun da kake da shi

A ƙasashe masu sanyi irin su Jamus da Amurka, buɗaɗɗen murhun ɗaki yana barin yawancin zafinsa ya bi bututu ya fice. Shi ya sa suke cusa rufaffen akwatin ƙarfe a cikin tsohon murhun. Dabarar za ta yi aiki a nan, da kayan da magini da mai walda ke da su. Abu uku ake buƙata.

Na farko, a killace wutar. A zagaye murhun da tubalin jar ƙasa, a bar ƙofar sa itace ɗaya. Tubali yana shan zafi ya riƙe, ya ci gaba da sakinsa bayan wuta ta mutu. Idan madafa tana jikin bangon ɗaki, wutar tuwon dare kaɗai za ta taimaka wajen ɗumama bangon, ba sai wuta ta shiga ɗaki ba.

Na biyu, bututun hayaƙi. Ya tashi tsaye ya wuce rufin, ya yi nesa da azara, katako da ciyawa. Kada a yi ɓangaren da ke kusa da wuta da langa-langa, domin abin da aka shafe shi da shi yana fitar da tururi mai cutarwa idan ya gasu. Baƙin ƙarfe mai kauri ya fi.

Na uku, mashigar iska daga ƙasa. Wutar da aka shaƙe ita ke yawan fitar da guba. Kuma a yi amfani da busasshen itace: ɗanye yana ɓata zafinsa wajen ƙone ruwan jikinsa, ya tara baƙin dauɗa a bututu wanda kan iya kamawa da wuta.

Murhu mai tsimin itace irin Save80 yana da kyau wajen girki, amma ba shi da bututu, don haka ba na ɗakin kwana ba ne.

Wayarka ba za ta cece ka ba

A matsayina na mai rubuta manhaja, gara in faɗa maka gaskiya: manhaja ba ta iya auna abin da waya ba ta da na'urar jinsa. Wayoyin da muke riƙewa ba su da abin gano kabon monoksaid, duk manhajar da ta ce tana yi ita kaɗai ƙarya take yi.

Abin da ake buƙata shi ne ƙararrawar kabon monoksaid mai batir. Ka duba bayanta ka ga lambar EN 50291 ko UL 2034, ƙa'idojin Turai da Amurka ke nan. Ka duba ranar ƙarewar aikinta, ka riƙa danna maɓallin gwaji. Ka lura, ƙararrawar hayaƙi daban ce, kada mai shago ya ba ka wannan a madadin waccan.

Masu wasa da Arduino sun san MQ-7. Tana da kyau wajen koyo, amma karatunta yana canzawa da zafi da laima. Kada ka ɗora ran iyalinka a kanta.

In abin ya faru

Idan mutane biyu ko uku a ɗaki ɗaya suka tashi da ciwon kai tare, kada a ce zazzaɓi ne. A fitar da kowa waje, a buɗe ƙofa da taga, a kai su asibiti, a gaya wa likita cewa an kwana da wuta. In ba za ka iya yin ko ɗaya daga cikin gyaran nan ba bana, to ka ji ɗuminka a tsakar gida, ka bar kaskon a waje, ka ƙara bargo.