Ɗakin Ƙurya Ma Yana Buƙatar Iska

A watan Afrilun bana, lokacin da zafin Daura ke haura digiri 40, na kwana a ɗakin ƙurya na gidan ƙanena, ginin bulo mai rufin kwano. Ya ja bututu daga na'urar sanyaya falo zuwa ɗakin, amma iskar kan mace a hanya, yara su kwana suna juyi.

Wani mai gyaran lantarki ne ya kawo mafita. Ya sa ƙaramar fanka a cikin bututun, ya haɗa ta da makunni mai jin matsin iska. 'Yar roba ce a cikinsa: da babbar fanka ta turo iska, sai robar ta lotsa ta kunna ƙaramar, da iskar ta tsaya, sai ta kashe ta. Batirin sola ba ya ƙarewa a banza.

Magabatan da suka gina sorayen fadar Sarkin Daura da ƙasa da azara sun dogara ga bango mai kauri da rufi mai tsawo. Mu kuwa mun watsar. Tunda sanƙarau ɗaki mai cunkoso yake bi a bazara, ina roƙon maginanmu su tsara hanyar iska tun kafin aza tubali. Rigakafi ya fi magani.