Daidaita Ƙafafun Babur da Ɗaure Sarƙa

Tun da Katsina ta zama babban birnin jiha a shekarar 1987, unguwanni suka yi ta faɗaɗa bayan ganuwa, babur kuwa ya zama abin hawan ɗalibi da ma'aikaci da ɗan kasuwa. Daga Ƙofar Ƙaura zuwa Ƙofar Marusa, da wuya a rasa rumfar bakanike, kuma cikin ayyukan da aka fi kawo masa akwai ɗaurin sarƙa.

Sarƙa ita ce ke ɗauko ƙarfin inji ta kai wa ƙafar baya. Yashi da ƙurar hunturu kan cakuɗe da man da ke jikinta su riƙa cin ta, har ta saki. Idan ta yi sako-sako tana iya gocewa daga haƙoranta ta cije ƙafar baya ana cikin gudu. Idan kuma ta ɗaure tamau, sai ta cinye haƙoran, ta kashe boris, wani lokaci ma ta tsinke.

Kafin a ɗaure ta, akan kashe inji, a kafe babur yadda ƙafar baya za ta bar ƙasa. Sai a juya ƙafar a nemo inda sarƙar ta fi tsauri, a tura tsakiyarta sama da ƙasa da yatsa. A yawancin ƙananan babura, wasanta kan kasance tsakanin santimita 2 zuwa 3. In ya wuce haka, sai a sassauta babban notin ƙafar, a juya ƙananan notuna biyu na dama da hagu daidai wa daida, ana duban zanen ma'aunin da ke kowane gefe.

A nan ne daidaiton ƙafafu ya shigo. Idan gefe ɗaya ya fi ɗaya ja, ƙafar baya takan karkace, babur ya riƙa fizga, taya ta cinye ta gefe guda. Domin tabbatarwa, akan miƙa zare biyu daga gefunan tayar baya zuwa gaba. Ratar da ke tsakanin kowane zare da tayar gaba dole ta zo ɗaya.

Daga ƙarshe sai a ɗaure babban noti sosai, a sake gwada sarƙar, a gyara birkin baya domin ƙafar ta matsa, sannan a zuba mai kaɗan. Rigakafi dai ya fi magani.